Kwanon Ruwa a Keken Kawunku Bukar

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Yagana ina ɗaki na ji ku a tsakar gida kuna ta ƙyaƙyata dariya. Labarin Kawunku Bukar ake yi, wanda kuka laƙaba wa Hawainiya. Yagana ce ke bayarwa kamar kullum, har da kwaikwayon yadda ya riƙe kan keke, wai gari na tashi shi kuwa yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ban tanka ba, don Bukar na zaune a zaure yana jin ku, shi ma dariyar yake taya ku. Amma abin ya tsaya mini a rai. Rabin labarin kuka sani, kuma ba rabin da ya fi muhimmanci ba. Tunda na zauna rubuta muku abin da na gani a rayuwata, wannan babin na Bukar ne, kuma ina so Yagana ta karanta shi a zaune.

Shekarar da aka rufe makarantu nake nufi. Manyanku za su tuna, ƙananan sai dai a ba su labari. Garuruwan da ke kewaye da mu sun watse, mutane na ta kwararowa cikin Maiduguri a ƙafa, wasu da tabarma a ka, wasu ko takalmi babu. Makarantar 'yan matan da na yi shekaru ina koyar da fiziks a cikinta aka mayar da ita masaukin 'yan gudun hijira. Ranar da na je kwaso kayana na tarar wata tsohuwa ta shanya kuɓewa a kan teburin gwaje-gwajena, an ɗaura igiyar shanya daga allo zuwa taga. Ban ji haushi ba, ina dalilin haushi? Na dai dawo gida Bulumkutu na zauna kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa. Fiziks, ga jikokina da ba su kai nan ba tukuna, ilimi ne na yadda abubuwa ke motsi, me ke tura su, me ke tsayar da su, me ke kayar da su. Ni kuwa tun ina yarinya ba na iya ganin abu ya faɗi ban tambayi dalili ba. Babanku yakan ce ko tuwo nake tuƙawa lissafi nake yi.

A cikin masu shigowar nan har da Bukar. Shi ne autanmu. Kafin mahaifiyarmu ta rasu ta kama hannunsa ta sa a cikin nawa, ta bar mini amanarsa. A garinmu acaɓa yake yi, kuma ba don ɗan'uwana ne ba, babu na biyunsa. Yakan ɗauki mutum da ragonsa ya ratsa yashi da su ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, in kuwa ya sha kwana sai ka rantse gwiwarsa za ta gogi hanya. Babur ɗin a daji ya bar shi ranar da suka gudo. Nan cikin gari kuma an daɗe da hana hawa babur, saboda da shi masu ɓarnar ke zuwa su yi abinsu su ɓace. Sai wani abokin babanku ya ba shi keke napep yana ja, muka yi ta godiya ga Allah. Bai jima da farawa ba aka kawo mini shi wata la'asar, rabin fuska a goge, riga duk jini. Ya kife a shataletale da fasinjoji, wata mai awara ta karye a hannu.

Ina wanke masa ciwon da ruwan gishiri ina tambayarsa.

"Wane ɓangare kake juyawa?"

"Hagu, Ya Falmata."

"Wane ɓangare ka faɗi?"

"Dama. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Na kwanta hagu sosai, wallahi kamar yadda na saba, amma keken ya ƙi bina."

"Birki fa, yaushe ka taka?"

"Da na ji tayar baya ta ɗaga."

"Wato a tsakiyar kwanar."

"To da a ina zan taka? Ke dai bari, keken ne ba shi da balans. Kuma abin da Allah ya rubuta ai ba makawa."

Nan na gane ba tsautsayin rana ɗaya ba ne, abu ne da zai sake faruwa. Dokar farko da nake koya wa 'yan aji ita ce, duk abin da ke tafiya miƙewa yake so ya yi, ba ya juyawa sai an tilasta shi. A kwana, tayoyi na riƙe da kwalta suna jan ƙasan keke zuwa ciki, samansa kuwa, da mutane da kaya, yana son wucewa gaba abinsa. Babur yana da dabara, yakan kwanta gaba ɗayansa cikin kwanar, sai nauyinsa ya daidaita lamarin. Mai ƙafa uku ba ya kwanciya. Ko direba ya karkata har kunnensa ya share ƙasa, keken na nan tsaye ƙyam, sai tayar ciki ta ɗaga, ya kife waje. In kuma ka taka birki a daidai lokacin, nauyin duk sai ya ruga gaba, kan taya ɗaya tilo, inda keken ya fi rashin madogara. Wato gwanintar Bukar ce ke neman ransa. Jikinsa ya haddace babur, aka ba shi abin da ba babur ba.

Na yi masa bayanin nan duka, ya saurara da ido ɗaya a kumbure, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko na taɓa tuƙa ko da amalanke. Washegari na sa hijabi na fita na tsaya a bakin shataletalen da yamma, lokacin da kowa ke rige-rigen isa gida kafin dokar hana fita ta fara. Ba Bukar kaɗai ba ne. Gari ya cika da 'yan acaɓar da aka koro daga ƙauyuka, kowanne an ba shi keke, kowanne yana shigowa kwana a guje yana kwantar da kafaɗa, tayar baya na ɗagawa tana komawa, fasinjoji na salati. Ga lodi a saman rufi, buhun gawayi, katifa, har da jarkoki. Na dawo gida na ce wa babanku ina so in je tasharsu in yi musu darasi.

"Tasha?" ya ce. "Ke? Cikin ƙartin maza?"

"Can suke, Alhaji. Ba za su zo falona ba."

"Ƙaninki ne, ki kira shi ki ja masa kunne."

"Na ja, bai ji ba. Sai ya gani da idonsa. Kuma sai abokan aikinsa sun yarda, in ba haka ba duk ranar da ya rage gudu dariya za su yi masa, shi kuwa ya gwammace ya kife da a yi masa dariya."

"Mutane za su yi magana."

"Za su yi. In an kawo gawarsa ma za su yi magana, sai dai ta ta'aziyya ce."

Ya daɗe yana juya cokali a kofin shayi. Babanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gudun abin faɗa, ya fi son a ce ba a san yana unguwa ba. Daga ƙarshe ya ce bai hana ni ba, bai kuma ce in je ba. Duk matar aure ta san irin wannan izinin, ta kuma san farashinsa. Na ɗauka a haka.

Tashar tana ƙarƙashin wasu itatuwan dogonyaro a bakin titi. Shugabansu wani dattijo ne, Ba Kura, tsohon direban babbar mota, mai gemu ja da lalle. Na zo da bokiti, da tire, da ɗan kwanon sha, da jarkar ruwa. Ya dube ni, ya dubi kayan.

"Wushe, Malama, lale. Abinci za ki fara sayar mana?"

"A'a, Ba Kura. Na zo in nuna wa yaranka abin da ke kayar da su."

"Malama, hatsari ai na Allah ne."

"Na Allah ne. Hankalin da aka ƙera birki da shi ma Shi ya bayar. Ka ara mini su kafin a kira azahar."

Ina jin son ganin abin dariya ne ya sa ya yarda. Suka taru, wasu a kan kekuna, wasu a tsaye, Bukar can baya ya harɗe hannu yana kallon wani wuri. Na zuba ruwa a bokiti, na riƙe mariƙinsa, na miƙe hannu na fara juyawa a inda nake tsaye. Ku yi tunanin uwarku da hijabi har ƙasa tana katantanwa a bakin titi. Suka fashe da dariya, na bar su suka yi mai isarsu, sannan na ce su dubi bokitin. Ya karkata sosai, amma ko ɗigo bai zuba ba. Na ce wannan shi ne babur, yana kwanciya, shi ya sa ba ku taɓa jin kwana na fizgar ku ba. Sai na cika kwano na ɗora a kan tire, na riƙe tiren a miƙe, na sake juyawa. Ruwan ya hau gefen waje ya watsu a rigar wanda ke gaba. Na ce wannan shi ne keke, ba ya kwanciya, abin da ya faru da ruwan nan shi ke faruwa da ku da fasinjojinku. Dariyar ta ragu. Wani ya ce in sake, na sake.

Daga nan na ɗora kwanon a ƙasan keke, wurin ƙafar fasinja, na ce wa zai zagaya itatuwan nan ya dawo mini da ruwana. Ba Kura da kansa ya fara, yana cewa ya tuƙa mota mai taya goma sha wani abu, ya dawo da kwano rabi da wando a jiƙe. Ranar an yi ihu a tashar nan. Suka shiga layi, kowa na son ya fi wani, kuma da kansu suka fara gano abin da na zo faɗa. Wanda ya taka birki a cikin kwana, ruwan ya zube ta gaba da gefe. Wanda ya rage gudu tun kafin ya shiga, ya bi ta a hankali, sannan ya ba da wuta bayan ya fita, shi ya dawo da kwano cike. Sai a lokacin na faɗa musu abin da ya fi ba su mamaki, cewa in ka ninka gudunka a kwana, fizgar ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi. Na kuma sa aka ɗora buhu a saman rufi, mutum ɗaya ya ɗaga gefen keken, aka sauko da buhun wurin ƙafar fasinja, ya sake ɗagawa, ya ji bambancin a hannunsa. Ban taɓa samun aji mai kunne irin wannan ba, don su jarabawarsu kullum ce, kuma wanda ya faɗi asibiti ake kai shi.

Ana cikin haka wani mai baki ya ɗaga murya ya ce ai dole Malama ta zo, tunda ƙaninta ne ya zubar da mai awara. Aka yi dariya. Na waiga inda Bukar yake, na ga bayansa yana tafiya. Da yamma ya shigo gida ya tattara 'yan kayansa a leda.

"Kin tsinka ni, Ya Falmata," ya ce. "A garinmu in na wuce yara tafi suke yi. Na rasa babur, na rasa gida, sunan nan kaɗai ya rage mini, shi ma kin kai kasuwa."

"Ranka nake nema maka, Bukar."

"To ki bar mini shi in riƙe da kaina."

Ya koma ɗakin wani abokinsa a Abbaganaram. Ya daina cin abincin gidana. In na aika masa sai a dawo da kwanon yadda yake. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba shi kaɗai ba. A gidan biki in na shiga sai in ji ana raɗa, ga Malamar 'yan keke. Yagana, ke kanki kin daina bina ta hanyar tashar, kina cewa ƙawayenki na tsokanarki, kuma ban ga laifinki ba, shekarunki ne. Babanku bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai ya daina tambayata yadda na wuni, wanda ya fi faɗa ciwo. Duk da haka na ci gaba da zuwa. Ba Kura ya kafa doka cewa duk sabon direba sai ya zagaya da kwano kafin ya ɗauki mutum, wasu tashoshin ma suka fara aiko a kira ni. Mutane da yawa sun amfana, na sani. Amma wanda na fita dominsa bai taɓa karɓar kwanon nan a gabana ba. In ya hango ni tafe sai ya tayar da keke ya tafi. Duk lokacin da na ji an ce keke ya kife a wani wuri, sai na tambayi sunan direban kafin komai.

Haka muka yi watanni har ranar da kuke ba da labarinta. Da hantsi ne. Na aiki Yagana Kasuwar Litinin ta karɓo yadi a shagon babanku, tare da maƙwabciyarmu Ya Amsa da jaririnta a goye. Ina tsintar shinkafa na ji ƙarar. Wanda ya zauna a garin nan a shekarun nan ya san irinta, a ƙirji ake fara jin ta kafin kunne. Tagogi suka girgiza, tantabaru suka tashi. Na kira waya, ba ta shiga. Na fito ƙofar gida ba takalmi, na tarar duk matan layi sun fito, kowacce na kiran sunan nata.

Abin da ya faru a hanya, daga bakin Ya Amsa na ji, don ita idonta a buɗe yake. Sun fito daga kasuwa ke nan abin ya tashi a bayansu. Cikin turmutsutsun Bukar ya hango Yagana, ya kutsa ya kwashe su, da wata tsohuwa da ta faɗi a gabansa. A miƙaƙƙen titi ya ba keken wuta iya ƙarfinsa, wannan ba ya cikin labarinku. Kowa na gudu, ana cewa akwai ta biyu, harbi na tashi ba a san daga ina ba. Da suka doshi babban shataletalen, tun da sauran tazara, sai ya saki wuta ya taka birki. Kekuna suka rinƙa wuce su ta hagu da dama. Yagana ta cusa fuska a hijabi tana dukan bayansa.

"Kawu, ka yi gudu! Kawu, za su kashe mu! Me kake jira?"

Tsohuwar ma ta zage shi da Kanuri, zagin da Ya Amsa ta ƙi maimaita mini. Bai waiga ba. Ya Amsa ta ce tana ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi na bin ƙeyarsa, kafaɗarsa na son kwanciya yana mayar da ita. A gabansu kaɗan wani keke da ya wuce su a guje, da kaya a rufi, ya shiga kwanar, ya taka birki, ya ɗaga, ya kife, na bayansa ya hau shi. Da Bukar na cikin gudun da kuke so, da shi ne na uku. Ya ratsa ta gefensu a hankali, sojoji na ɗaga hannu kada kowa ya tsaya, yana fita daga kwanar ya sake ba da wuta. Yagana ba ta ga wannan ba, fuskarta na cikin hijabi. Abin da ta sani kawai shi ne ta ce a yi gudu an ƙi. Ni kuwa na hana Ya Amsa faɗa mata abin da ke kwance a kwaltar nan, don yarinya ce, kuma barcinta ya riga ya lalace.

Ina tsaye a ƙofa keken ya shigo layi. Yagana ta diro ta faɗa jikina tana kuka, tana cewa Kawu ya tsaya, Kawu ya ji tsoro. Na shafa ta daga kai har ƙafa, ba ƙwarzane. Ya Amsa ta sauko da jaririnta, aka riƙo tsohuwar aka shigar da ita. Bukar kuwa bai sauko ba. Ya kashe keken, amma hannayensa sun ƙi sakin kan. Na matsa kusa. Rabon da ya dubi idona tun ranar da ya ɗauki ledarsa. Ya ɗago, leɓensa a bushe, ya ce:

"Ya Falmata, ban zubar ba."

Na sunkuya don in ɓamɓare masa yatsu, sai idona ya faɗa ƙarƙashin kujerarsa. Wani ɗan kwanon sha ne a lotse, an ɗaure shi da tsumma don kada ya yi ƙara. Daga baya abokin ɗakinsa ya faɗa mini cewa duk watannin nan, da an ɗage dokar hana fita da safe, Bukar kan tafi wani fili a bayan unguwa inda ba mai ganinsa, ya cika kwanon ya yi ta zagaye, yana faɗa da jikinsa har ya koya masa sabon abu.

Na koyar da 'yan mata da suka zama likitoci da injiniyoyi, suna zuwa gaishe ni da manyan motoci, ina kuma alfahari da su. Amma in aka ce in nuna ɗalibin da na fi alfahari da shi a duniya, Bukar zan nuna. Sanin doka a kan allo abu ne mai sauƙi. Shi ya riƙe ta a lokacin da harbi ke bayansa, 'yar yayarsa na dukansa, jikinsa da tsoronsa duk suna ce masa ya kwanta ya wuce. Ran nan ya ci tuwo a gidana, babanku, da Allah ya dawo da shi lafiya daga kasuwar, da kansa ya zuba masa ruwan wanke hannu, sannan ya juyo ya tambaye ni yadda na wuni.

Ku ci gaba da ce masa Hawainiya in kuna so, shi ba ya damuwa, har amsawa yake yi. Amma ke Yagana, lotsattsen kwanon nan da ke saman kabad ɗina, wanda kika so ki ba masu sayen gwangwan da kina mini shara, shi ne. Ranar da ɗanki ya isa jin magana, ki sauko da kwanon ki cika da ruwa, ki kai shi da yaron wurin Kawunki, ki ba da labarin tun daga farko.